Tsakure Ba Ya Isa: Laburaren Lafiya da Binciken da Aka Yi a Kan Matan Zazzau

Laccar da aka gabatar a cikin birnin Zariya ga ma'aikatan lafiya, ɗalibai da malaman zaure

 

   

Ni dai ma'aikacin laburare ne. Ban taɓa yi wa kowa allura ba, ban kuma iya karɓar haihuwa ba. Sana'ata ita ce mutum ya zo da tambaya, in nemo masa takardar da aka yi bincike a kan tambayar, in miƙa masa ita cikakkiya daga shafin farko zuwa na ƙarshe. A kan wannan aiki aka ce in yi magana yau.

Sunan Zariya ya yi nisa a duniyar likitanci fiye da yadda mu mazauna cikin ganuwa muke zato. An buɗe tsangayar koyon likitanci ta Jami'ar Ahmadu Bello a 1967, kuma cikin shekarun da suka biyo baya, tun asibitin koyarwa yana Tudun Wada kafin ya koma Shika a 2005, an yi bincike a nan wanda har yau ake karantarwa a ƙasashen duniya. Brian Greenwood ya yi shekara goma a Zariya, daga 1970 zuwa 1980, yana aiki a kan sanƙarau. David Warrell da abokan aikinsa sun yi nazarin saran kububuwa, macijin nan da ake yi wa kirari da gobe da nisa, suka buga sakamakon a 1977. Daga wannan aiki ne aka san gwajin da ake ɗibar jinin wanda maciji ya sara a zuba a busasshiyar kwalba mai tsabta, a ajiye minti 20, a karkata ta. In jinin bai daskare ba, dafi ya shiga jiki, a nemi allurar karya dafi. Kelsey Harrison kuwa ya bi diddigin haihuwa 22,774 a jere a asibitin Zariya daga 1976 zuwa 1979, ya buga rahotonsa a 1985 a mujallar likitocin mata ta Ingila. Ya nuna cewa matan da suka fi rasa rayukansu su ne waɗanda ba su taɓa zuwa awon ciki ba, sai da naƙuda ta gagara aka kwaso su ranga-ranga, kuma karatun mace yana da hannu wajen tsirarta da ta jaririnta.

Matan nan na Harrison ba baƙi ba ne. Akwai na cikin birni, akwai na Tudun Wada da Sabon Gari, akwai na ƙauyukan da ke kewaye. Iyayen wasunmu ne, kakannin ɗaliban nan ne. To, a cikin masu sanye da farin kaya a ɗakin nan, wa ya taɓa riƙe wannan rahoto ya karanta shi? Ba na neman a ɗaga hannu.

Zan daɗe a kan misali guda, domin shi ne ya fi shiga gidajenmu. Kowa a nan ya san jego. Ya san tukunyar ruwan zafi da ganyen da ake fyaɗa wa mai jego safe da yamma har kwana arba'in, ya san kunun kanwa, tsofaffinmu kuma sun san gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa. Likitocin Zariya na wancan zamani sun lura da yawan matan da ake kawowa makonni kaɗan bayan haihuwa, ƙafa ta kumbura, ciki ya tara ruwa, ga tari ga haki, mace ba ta iya kwanciya sai a jingine. Neil Davidson da Eldryd Parry, wanda shi ne farfesan likitanci a nan daga 1969 zuwa 1977, suka tattara bayanan mata 224 masu wannan ciwon zuciya. A 1974 suka buga maƙala a mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya, suka ce ciwon ya fi yawa a kewayen Zariya da Malumfashi, inda ake tsananta wankan jego da kwanciya a gado mai zafi da shan kanwa, kuma mai yiwuwa ne waɗannan al'adu su ɗora wa zuciya nauyin da ya fi ƙarfinta. Cikakken rahoton ya fito a 1978 a Quarterly Journal of Medicine. Daga nan maganar ta shiga littattafan koyarwa, ta sauko azuzuwa, kalmar "mai yiwuwa" ta faɗi a hanya, har ta zama abin da nas ke faɗa wa uwar miji kai tsaye: kunun kanwa ne ya kumbura ta.

Sai ga shi a 2020 Farfesa Kamilu Karaye na Kano da abokan aikinsa sun buga wani bincike a mujallar ESC Heart Failure, wanda ya haɗa mata 406 daga asibitoci 22 a faɗin Najeriya. Sun tabbatar da cewa Arewa maso Yamma ce ta fi ko'ina wannan ciwo. Amma abin da suka samu yana tafiya da shi shi ne rashin karatun boko, rashin sana'a, rama, da hawan jinin masu ciki. Al'adun jego kuwa, suka ce ba su ga alaƙarsu da ciwon ba.

Yanzu ki ɗauka ke ungozoma ce a asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, ko a ƙaramin asibitin unguwa, ga mai jego a gabanki, ga kakarta tana tambaya ko a ci gaba da dama kunu. Kin buɗe waya, kin ga tsakuren maƙalar 1974 ya ce e, na 2020 ya ce a'a. Wanne za ki bi? Mai gaggawa zai ce sabo ya shafe tsoho. Wani kuma zai ce Turawa ne suka yi na farko, don haka shi ne daidai. Duk biyun zato ne. Sai ka shiga sashen da masu binciken suka bayyana yadda suka zaɓi marasa lafiyarsu za ka ga inda gizo ke saƙar. A farkon shekarun 1970 da alamomin jiki da hoton ƙirji ake gane ciwon. Binciken 2020 kuwa bai ƙirga mace ba sai na'urar hoton zuciya ta nuna cewa jinin da zuciyarta ke turawa a kowane bugu ya gaza kashi 45 cikin 100. Tsakanin waɗannan biyu akwai maƙala ta uku ta 1979, wadda John Sanderson da Parry da wasu suka rubuta a nan Zariya bayan sun samu irin wannan na'ura, inda suka ga da yawa daga cikin matan zuciyarsu tana bugawa da ƙarfinta, ruwa ne ya yi wa jiki yawa. Ke nan ba lalle ba ne a ce mata iri ɗaya aka auna a binciken biyu. Abin da za a faɗa wa kakar nan, wannan hukuncin likitoci ne, ga su zaune. Nawa dai in ce wanda bai karanta ukun ba har ƙarshe, bai kai ga yanke hukunci ba tukuna.

Malamanmu na zaure sun riga mu sanin wannan. Garin nan an san shi da nahawu da fiƙihu, kuma babu malamin da zai bar almajiri ya ba da fatawa don ya haddace matanin Muhtasar bai zauna an warware masa sharhi ba. Tsakure matani ne, layi goma sha biyar da aka matse shafi goma a ciki. Sharuɗɗa da togaciya suna can cikin jikin maƙala.

Wani lokaci ma tsakuren yana da kwalliya. A 2010 Isabelle Boutron da abokan aikinta suka duba rahotanni 72 na gwajin magunguna da hanyoyin jinya waɗanda ba su nuna wani bambanci a kan babbar tambayar da aka tashi amsawa ba. Sun buga a mujallar JAMA cewa a 42 daga ciki, an tsara kammalawar tsakuren ta yadda mai karatu zai ɗauka an dace. Ba ƙarya aka yi ba, an dai zaɓi inda za a haska fitila. Jadawalin da ke shafi na biyar ko na shida shi ke faɗin adadin waɗanda suka fice daga gwajin, da illolin da maganin ya jawo, da shekarun waɗanda aka gwada a kansu. Can ƙasa da ƙananan haruffa kuma za ka ga wanda ya biya kuɗin binciken.

To me ya hana mu karantawa? Kuɗi. Mai bincike ba a biyansa ladan maƙala, masanan da ke tantance ta su ma yawanci kyauta suke yi, amma manyan kamfanonin ɗab'i irin su Elsevier da Wiley da Springer Nature sayar da ita suke yi. Maƙala guda kan kai dala 30 zuwa 50. A 2024, lokacin da dala ta kai naira 1,500, maƙalar dala 40 ta zama naira 60,000, a shekarar da aka sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Rahoton Harrison yana cikin mujallar da Wiley ke bugawa yau, na Davidson da Parry na 1978 kuma yana hannun maɗaba'ar Jami'ar Oxford. An ɗebi bayanin a Tudun Wada, amma makullin yana wata ƙasa.

Tsofaffin ma'aikata sun san zamanin da laburare ke sayen mujallu na takarda, a jera su a ɗinke kowace shekara da bango mai kauri. Mai nema sai ya ɗauko Index Medicus, kundin nan mai nauyi da aka fara bugawa a Amurka tun 1879, ya bi da yatsa har ya ga sunan maƙala, sannan ya je kanta ya duba ko fitowar ta iso. In ba ta iso ba, akwai ɗan kati da ake cikewa a manna kan sarki a aika wa marubucin, a zauna jiran watanni. Da aka karya darajar naira a 1986, kuɗin mujallu ya gagari laburarori da yawa a ƙasar nan. Har yau in ka shiga wasu ka bi kanta da ido, za ka ga shekaru suna tafiya a jere, sai su tsaya cak a tsakiyar shekarun 1980.

Abin da ya sauya lamarin shi ne shirin Hinari, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe a Janairun 2002 tare da manyan kamfanonin ɗab'i shida, da mujallu wajen 1,500 a farko. Yanzu yana ƙarƙashin inuwar Research4Life tare da 'yan'uwansa na noma da muhalli da ƙere-ƙere da shari'a, kuma mujallun da littattafan sun kai dubbai. An kasa ƙasashe gida biyu: wasu kyauta, wasu kuma kowace cibiya ta biya dala 1,500 a shekara. Najeriya da Nijar duk suna cikin ƙasashen da shirin ya shafa. Abin da nake so ku riƙe shi ne mutum ɗaya ba ya yin rajista da sunansa. Cibiya ce ke yi, kuma ta hannun ma'aikacin laburare sunan shiga da kalmar sirri suke fitowa. Ba jami'o'i kaɗai ba: makarantun nas da na ungozoma, cibiyoyin bincike, asibitoci, ma'aikatun gwamnati da ƙungiyoyin cikin gida masu zaman kansu duk suna iya nema.

Bari in nuna muku yadda abin yake a kan tebur. Wata ɗalibar ajin ƙarshe ta zo mini tana rubuta kundinta a kan jijjigar masu ciki. Ta miƙo waya, ta ɗauki hoton wani shafi da ya nuna mata kan maƙala da tsakure, ƙasa kuma an rubuta farashi da dala. Ta ce, "Baba, wai sai na biya, ni kuwa ko kuɗin data da ƙyar." Na ce ta ja kujera. Muka kwafi lambar maƙalar, wadda ake kira DOI, da ke farawa da 10 da ɗigo. Muka fara shiga shafin Research4Life da kalmar sirrin cibiya, daga ciki muka buɗe mujallar. Shafin da ya nemi dala ɗazu shi ne dai ya fito, amma yanzu ga wurin saukewa a buɗe. Kuskuren da ɗalibai suka fi yi ke nan: su tafi shafin kamfani kai tsaye daga Google, kamfanin bai san daga ina suke ba, sai ya miƙo musu farashi. Da ta sauke, na hana ta tashi sai da muka duba jerin manazartar da ke ƙarshen maƙalar, ta yi wa waɗanda take so alama, muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Wasu sun buɗe, wasu ba su buɗe ba, domin kowane kamfani shi ke zaɓen ƙasashen da zai buɗe wa mujallunsa.

Kalmar sirrin nan amana ce. Ƙa'idar shirin ta hana a ba wanda ba ɗan cibiya ba, ta hana a yi amfani da ita daga wajen ƙasa, ta kuma hana a kwashe fitowar mujalla ɗungurungum. In aka watsa ta a zaurukan WhatsApp, sai a rufe ta, laifin mutum ɗaya ya shafi ɗaruruwa. Amma ƙa'idar ta yarda baƙo ya shigo harabar cibiya da izininta ya yi karatu a nan. Don haka ma'aikacin ƙaramin asibiti a cikin birni kada ya ce Samaru ko Shika ba wurinsa ba ne. Ya je Laburaren Kashim Ibrahim ko laburaren likitanci na jami'a da katin aikinsa, ya yi sallama, ya tambayi sharuɗɗan baƙi.

Akwai kuma abin da ba ya bukatar kalmar sirri ko kaɗan, kuma yana da yawa. PubMed, na Babban Laburaren Likitanci na Amurka, kyauta yake tun 1997, yana da sunayen maƙaloli fiye da miliyan 35, kuma a gefen shafin akwai wurin da za ka taɓa ya tace maka waɗanda ake samu cikakku kyauta. Ɗan'uwansa PubMed Central, da aka buɗe a 2000, shi rumbun cikakkun maƙaloli ne. Maƙalar nan ta 1974 a kan matan Zariya da Malumfashi tana ciki, ta Karaye ta 2020 ma a buɗe take, duk mai waya a ɗakin nan zai iya karanta su daren yau. Don binciken gida akwai AJOL, wanda ya fara a 1998 yana tattara mujallun Afirka, da African Index Medicus na ofishin Hukumar Lafiya da ke Brazzaville. Kada ku raina mujallunmu. Annals of African Medicine ta Sakkwato da Annals of Nigerian Medicine ta likitocin asibitin koyarwa na Zariya sun fi kusa da marar lafiyar da ke gabanka fiye da gwajin da aka yi a kan tsofaffin Turawa. In duk an buga an rasa, kusan kowace maƙala ta zamani tana ɗauke da adireshin imel na marubuci. Rubuta masa layi uku cikin ladabi, ka faɗi sunanka da inda kake aiki da abin da kake so. Ba ya samun ko kwabo daga cinikin kamfani, burinsa a karanta shi, kuma da yawa suna turowa.

Na san wani yana cewa a ransa, ai akwai Sci-Hub. Akwai. Wata 'yar Kazakistan, Alexandra Elbakyan, ta kafa shi a 2011, kuma a 2017 kotu a New York ta ci shi tarar dala miliyan 15 a ƙarar da Elsevier ya kai. Ba zan tsaya gaban malamai in halatta abin da doka ta hana ba, ba kuma zan yi kamar ban san talaucin da ke kai ɗalibi can ba. Damuwata ta ma'aikacin laburare wata ce daban, kuma ta shafi duk takardar da ke yawo daga waya zuwa waya. Maƙala takan mutu. Ta Andrew Wakefield da ta jingina allurar rigakafin ƙyanda da galahangar yara, a kan yara 12 kacal aka gina ta. Mujallar The Lancet ta buga ta a 1998, ta janye ta a 2010. In ka neme ta a PubMed za ka tarar da sanarwar janyewa manne da ita. Kwafin da wani ya sauke tun kafin nan ya turo maka ba ya ɗauke da komai, yana nan fes kamar ranar da aka buga shi. Mu da muka ga yadda jita-jita ta tsayar da rigakafin shan inna a wasu jihohin Arewa a 2003 mun san abin da takarda marar asali ke iya yi.

Ina da roƙo ga shugabannin asibitoci da makarantun lafiya da ke nan. Ku bincika ko cibiyarku tana da rajista. In tana da ita, ku tambaya wa ke riƙe da kalmar sirrin, domin na sha ganin inda aka kulle ta a aljihun tebur, mai ita ya yi ritaya ya tafi da ita a kansa. In ba ta da ita, cike takardar nema a intanet ake yi. Ku kuma sa wa laburare fitila mai aiki da hasken rana da kwamfuta ko da biyu, ku ɗauki wanda ya karanci aikin, kada ku mai da wurin ma'ajiyar karyayyun kujeru. Likitocinmu masu rubutu kuma, kafin ku sa hannu ku miƙa wa kamfani maƙala, ku duba ko an yarda ku ajiye kwafi a rumbun jami'a inda kowa zai gani. Ku yi hattara da mujallun da ke aiko imel suna alkawarin bugawa cikin mako guda in an biya. Ku duba sunansu a DOAJ, ko ku kawo mana mu duba tare.

Saura aiki guda wanda laburare ba zai iya shi kaɗai ba. Duk maƙalolin da na ambata da Turanci suke, matan da aka rubuta su a kansu kuwa da Hausa suka ba da amsa. Garin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 bai kamata ya rasa wanda zai zauna da rahoton Harrison ko na Karaye ya fitar da shafi biyu da Hausa mai kyau ba, likita ya duba, a karanta a rediyo da wurin awon ciki da makarantun Islamiyya na matan aure. Ɗaliban sashen Hausa da na likitanci jami'a ɗaya suke.

Mai zuwa wurinmu kuma, ya taimake mu da abu kaɗan. Ya rubuto sunan marubuci, da shekara, da sunan mujalla, da lambar DOI in ya gan ta. In ba maƙala takamaimai yake nema ba, ya rubuto tambayarsa a jimla ɗaya: wane marar lafiya, wane magani, ana kwatanta shi da me, ana son ganin wane sakamako. "Ina son wani abu a kan hawan jini" zai ba mu maƙaloli dubu ɗaruruwa. "Wane maganin hawan jini ya fi dacewa da mace mai shayarwa" za mu iya gamawa kafin azahar.

Shugaba, na ga an miƙo mini takarda cewa la'asar ta gabato. Masu tambaya a kan kunun kanwa, ga likitoci nan. Masu tambaya a kan rajista, ina nan bakin ƙofa bayan salla.